Ambiliyofiya, raunin gani na ƙuruciya

Ambiliyofiya raunin gani ne da ke kama yaro tun yana ƙarami, galibi a ido ɗaya. Idon na iya zama lafiya ƙalau in an duba shi, amma ƙwaƙwalwa ba ta saba karɓar hoto mai kyau daga gare shi ba, sai ta jingina ga ɗayan. Ana ƙiyasta tana samun yara biyu zuwa uku cikin ɗari. Abin da ke sa ta daɗe a ɓoye shi ne yaron ba ya ƙorafi, domin ido mai lafiya na yi masa dukkan aiki.

Sanadi

Manyan sanadanta uku ne: harara-garke, bambancin ƙarfin gani tsakanin idanu biyu, da abin da ya tare haske, kamar yanar ido da aka haifi jariri da ita ko fatar ido da ta sauko. Na ukun ya fi tsanani kuma ba ya jira.

Tarihi

Rufe ido mai lafiya domin a tilasta wa raunannen aiki tsohuwar dabara ce. Ana danganta bayaninta na farko ga Sabit ibn Ƙurra, malamin Harran da ya zauna a Bagadaza ya rasu a 901, ko da yake masana ba su haɗu a kan hakan ba. Buffon, masanin halittu Bafaranshe, ya ba da shawarar yin haka wajen 1743, sannan likitan ido Claud Worth na Landan ya tsara hanyar a farkon ƙarni na 20. Dalilin amfaninta bai fito fili ba sai a shekarun 1960, lokacin da David Hubel da Torsten Wiesel suka rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a Jami'ar Harvard, suka ga sashen gani na ƙwaƙwalwa ya koma bin buɗaɗɗen idon. Manyan kyanwoyi kuwa hakan bai same su ba. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1981.

Magani

Ana farawa da tabarau, a bar yaron da shi na wasu watanni, domin wasu yaran da shi kaɗai suke warkewa. In bai wadatar ba, sai a manna filasta a kan ido mai lafiya, a jikin fata, ba a kan gilashin ba, saboda yaro zai leƙa ta gefe. Da can ana rufewa yini guda. Binciken PEDIG, ƙungiyar masu binciken cututtukan idon yara ta Amurka, a 2003 ya nuna awa biyu a rana na yin aikin awa shida ga raunin da bai yi tsanani ba. Akwai kuma ɗigon atirofin, mai dusashe ganin ido mai lafiya na ɗan lokaci.

Wahalar tana kan iyaye. Yaron zai yi kuka ya ɓare filastar, tunda an toshe masa idon da yake gani da shi sosai, kuma a nan ne da yawa ke karaya. Magani ya fi ci kafin shekara 7, amma manyan yara ma na samun sauƙi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu raunin kan dawo musu bayan an daina, don haka ake rage awannin sannu a hankali. Kwalli ba ya maganinta.

Ana gwada wasannin kwamfuta da ke sa idanu biyu aiki tare, amma har yanzu ana muhawara kan ko sun kai filasta.