Fim mai dogon zango a YouTube: yadda ake yin sa, inda kuɗin ke fitowa da abin da ke durƙusar da shi

Me ya sa kusan kowa a Kannywood ya koma fim mai dogon zango?

Kasuwa ce ta juya. Tun daga 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, sana'ar ta dogara ne da abin da mai saye zai riƙe a hannunsa: kaset na bidiyo, daga baya faifan CD da DVD. Furodusa ya gama fim, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, a buga, diloli su kwasa zuwa garuruwa. Da wayar hannu mai katin ajiya ta yawaita, sai masu tura fim a waya suka cika bakin titi, faifai ya daina tafiya. Gidajen sinima kuma ba su da yawa a Arewa, ba za su iya ɗaukar duk fina-finan da ake yi ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da wasan da ake jira mako-mako, sannan zaman kulle na korona a 2020 ya ƙara manne idanu a kan waya. Furodusa ya duba ya ga YouTube ba ta neman dila, ba ta neman kuɗin buga faifai, kuma mai kallo a Agadez, Kumasi ko Jidda zai ga fim a daren da na Kano ya gani.

Ta yaya YouTube take biyan mai fim?

Ba daga ranar farko ba. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, sannan ta nemi shiga tsarin rabon kuɗi, a duba ta a amince. Awa 4,000 ba su da wuyar tarawa ga mai dogon zango. Idan kashi ɗaya minti 40 ne, kowane mai kallo ya tsaya minti 20, kallo 12,000 ya wadatar.

Bayan an amince, mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a bidiyonsa, YouTube ta riƙe 45. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya saka masa talla a tsakiya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa dogon kashi ya fi gajere riba. Kuɗin yana taruwa a asusun AdSense, wato tsarin biyan kuɗin talla na Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ba ya fita sai ya kai dala 100, ana kuma turawa tsakanin 21 da 26 ga wata. Wurare biyu ne sababbin furodusoshi suka fi tuntuɓe. Na farko adireshi: idan kuɗi ya kai dala 10, Google na aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya, wanda ya rubuta adireshin da wasiƙa ba ta isa zai ga kuɗinsa a allo amma ba zai taɓa shi ba. Na biyu takardar harajin Amurka: wanda bai cike ta ba ana iya cire masa har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu, wanda ya cike kuwa daga kuɗin masu kallon Amurka kaɗai ake cirewa. Sunan da ke kan asusun kuma ya zama daidai da na katin shaida da na banki. Buɗe tashar kamfani da imel ɗin wani yaron ofis ganganci ne, domin wanda ke riƙe da imel shi ke riƙe da tasha.

To me ya sa fim zai samu kallo miliyan ɗaya amma furodusa na kukan bai mai da kuɗinsa ba?

Saboda ba adadin kallo ake saye ba, idon mai kallo masu talla ke saye, kuma farashin ido ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ko Nijar ya fi arha nesa ba kusa ba idan an kwatanta da wanda ake nuna wa na Ingila ko Amurka. Ba kowane kallo ne ake saka wa talla ba, kuma wanda ya karɓi fim ɗin a wurin masu turawa bai bar wa furodusa ko sisi ba. Farashin talla yakan tashi a ƙarshen shekara ya faɗi a Janairu.

Wannan ne ya sa ake ganin tallan turare, filaye, makarantu da magunguna a cikin fim ɗin kansa. Babu laifi a ciki, sau da yawa shi ke biyan kuɗin lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Amma a kiyaye abu biyu: a danna wurin da YouTube ta tanada don bayyana cewa akwai tallan da aka biya, kuma kada a jera talla na minti biyar kafin labari ya fara. Shafin ƙididdiga na YouTube Studio yana nuna daidai daƙiƙar da mutane suka fice, kuma daƙiƙa 30 na farko su ne mafi haɗari. Tallan maganin da ke iƙirarin warkar da kowace cuta ya kamata furodusa ya ƙi shi ko nawa za a ba shi, saboda masu kallo sun yarda da fuskar jarumin da ke tallan.

Labari nawa ake buƙata kafin a fita ɗauka?

A nan ne yawancin fina-finai ke mutuwa tun ba a kunna kyamara ba. Ƙa'idar da masu rubutun fim ke bi ita ce shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen labarin fim, yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Kashi mai minti 45 yana neman shafi 45, wato fitowa 20 zuwa 25 idan kowace ta ɗauki kusan minti biyu. Zango mai kashi 13, wanda zai cika wata uku ana saki mako-mako, shafi 585 ke nan. Ko da ana ɗaukar shafi 15 a rana, wanda gudu ne sosai, aikin kwana 39 ne.

Abin da ake yawan yi shi ne a rubuta kashi uku ko huɗu, a fita lokeshan, a ce sauran za a rubuta a hanya. Sakamakon kowa ya san shi: jarumai biyu su zauna a falo suna maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani, a yi ta nuna mota tana shiga gida tana fita, a dawo da fitowar makon jiya a matsayin tunani, ko a ƙirƙiro wata kishiya ko wani ɗan'uwa da ya ɓace don kawai a cike minti. Mai kallo ba ya sanin sunan matsalar, amma yana jin an fara ja masa rai, sai ya koma tsallake-tsallake, awannin kallo su ragu, YouTube ta rage nuna fim ɗin ga sababbin mutane.

Hanyar da ta fi ita ce a fara da ƙarshen zango. Marubuci ya san abin da zai faru a kashi na 13, sannan ya rubuta taƙaitaccen bayanin kowane kashi a shafi ɗaya: me jarumi yake so a wannan makon, wa ya tare masa hanya, me ya canza kafin a rufe, wace tambaya aka bar wa mai kallo ya kwana da ita. A riƙe babban labari ɗaya da ƙanana biyu, fiye da haka zare yakan harɗe. Kowane babban jarumi a yi masa takarda: shekarunsa, danginsa, yadda yake magana, abin da ya sani da abin da bai sani ba a kowane mataki. Duk fitowar da za a cire labari bai girgiza ba, a cire ta. Kuma a faɗi gaskiya, marubuci ne ake biya mafi ƙanƙanta a yawancin ayyuka alhali shi ke ɗauke da zangon gaba ɗaya. Furodusan da ya rage kuɗin hayar motar alfarma ya ƙara wa marubuci wata guda na aiki bai yi asara ba.

A lokeshan fa, me ya fi lalacewa?

Sauti. Mai kallo a waya zai yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Makirfon kan kyamara bai isa ba. A yi amfani da na sanda, a kusantar da shi da bakin mai magana gwargwadon yadda ba zai shiga hoto ba, ko na maƙalawa a riga, kuma mai ɗaukar sauti ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. A kai janareta nesa, a jawo wuta da dogon waya, a kashe fanka da firij. Kafin a tashi daga kowane ɗaki a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, edita zai yi amfani da shi ya cike giɓin da ke tsakanin maganganu.

Sai kwantiniti, wato kula da kada kaya da kamannin jarumi su saɓa tsakanin fitowa da fitowa. Tunda ana ɗaukar duk fitowar gida ɗaya a jere, ta kashi na 2 da ta kashi na 11 a rana guda, dole mai kwantiniti ya ɗauki hoton kaya, ɗaurin ɗankwali, agogo da lalle na kowace fitowa, ya rubuta lambarta. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'aji biyu daban kafin a goge katin kyamara. Jarumai kuma a rubuta yarjejeniya da su ta zango cikakke, da ranakun aiki da yadda za a biya. Jaruma na iya yin aure, jarumi na iya samun saɓani da kamfani, don haka marubuci ya tanadi ƙofar da za a fitar da kowa daga labari ba tare da ya rushe ba.

Wanda zai saki fim a intanet, shi ma sai ya kai wa hukumar tacewa?

A Kano, eh. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana neman a kawo mata fim ta duba kafin a sake shi, ko a talabijin ko a intanet. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ana sakin su ba tare da an kai mata ba. Akwai kuma hukumar tacewa ta tarayya da aka kafa a 1993. Abin da wannan ke nufi ga tsarin aiki shi ne ba zai yiwu edita ya gama haɗa fim da yamma a saki da dare ba. A riƙa kasancewa da kashi uku ko huɗu gamammu a ajiye, ta yadda idan an ce a cire wata fitowa, ko edita ya kwanta rashin lafiya, ranar saki ba za ta motsa ba.

Marubuciyar da furodusa ya nemi ya mai da littafinta fim, me za ta kiyaye?

Kada ta yarda da maganar baka ko saƙon murya. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, miƙa haƙƙi ko ba da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya sai a rubuce. Haƙƙin littafi yana nan tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, ko da a WhatsApp ko manhajar karanta littattafai ta Wattpad aka fara sakin sa. Takardar ta fayyace ko sayarwa ce gaba ɗaya ko haya ta wasu shekaru, zango nawa aka yarda a yi, ko kuɗi dunƙule ne ko da kaso daga abin da tasha ta samu, yadda za a rubuta sunanta a fim, da ko tana da ta cewa idan za a sauya ƙarshen labari. A sa wa'adi: idan ba a fara ɗauka ba a cikin lokacin da aka yanka, haƙƙi ya koma hannunta. Ta kuma riƙe ikon buga littafin da karanta shi a murya, domin waɗannan kasuwanni ne daban.

Idan wata tasha ta ɗora fim ɗinka fa?

Tashar da ke cikin tsarin rabon kuɗi tana da wurin da YouTube ke nuna mata bidiyoyin da suka yi kama da nata, daga nan ake cike takardar neman a sauke. Tashar da ta tara gargaɗi uku na satar fasaha ana iya rufe ta. Wuƙar nan kuma tana yanka ta kowane ɓangare: editan da ya ɗauko kiɗan fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ya shimfiɗa a ƙarƙashin fitowar kuka zai iya sa kuɗin tallan kashin gaba ɗaya ya tafi wurin mai kiɗan, ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe. A sa mawaƙi ya yi wa fim ɗin kiɗansa, a rubuta takarda da shi cewa kamfani na da izinin amfani da shi a YouTube, a kuma tambaye shi ko ya riga ya ba wani kamfanin rarraba waƙoƙi, domin idan ya bayar, na'urar YouTube za ta kama waƙar a fim ɗinka ko da kai ka biya kuɗin situdiyo.