Mene ne "endemik" da ake rubutawa a kalandar hotunan dabbobin daji?

Duk ƙarshen shekara a Legas kalanda sai ta fi ƙarfin bango, banki ya ba ka, kamfani ya ba ka, ɗan siyasa ma ya aiko da tasa. To a cikinsu akwai wadda ba kyauta ake bayarwa ba, saya ake yi, kowane wata da hoton wata dabba ko tsuntsu, can ƙasa a rubuta cewa kuɗin za a sa su ne wajen kare daji da dasa itatuwa. Kalmar da ke yawan fitowa a irin wannan kalandar ita ce endemik, kuma na lura mutanenmu da yawa ɗauka suke ana nufin dabbar da ta kusa ƙarewa. Akwai alaƙa, amma ba ita ce ma'anar ba.

Endemik ita ce halittar da Allah ya ajiye ta a wuri ɗaya tak, dabba ce ko tsuntsu ko kifi ko tsiro, in ka bar wurin nan ba za ka same ta a dajin ko'ina ba a duniya. Wurin zai iya zama ƙasa guda, zai iya zama tsibiri, wani lokaci ma ɗan yankin daji ne kawai. Likitoci su ma suna amfani da kalmar in suna maganar cutar da ta zauna daram a wani yanki, irin maleriya a wajenmu, amma wannan zance ne daban.

Ka ɗauki balbela, tamu ce ba musu, amma tana Indiya tana Amurka, saboda haka ba endemik ba ce. Shamuwa baƙuwa ce, ta zo mana da damina ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Dogon yaro kuwa da muke gani kamar da shi aka halicci Arewa, daga yankin Indiya aka kawo shi. Duk ba su shiga ba.

Waɗanda suka shiga fa? Akwai wani tsuntsu baƙi da ja, dangin masu saƙa sheƙa, ana ce masa malimbe na Ibadan, a 1958 masana suka fara rubuta bayaninsa kuma har yau a kudu maso yammacin Najeriya kaɗai aka san shi, wato nan kusa da mu, tafiyar 'yan awoyi daga Ojota. Akwai birin Sclater a kudu maso gabas, wanda a wasu garuruwa irin su Lagwa a jihar Imo al'adar mutanen garin ta hana kashe shi, shi ya sa ya tsira a can. Akwai kuma jan birin Neja Delta da masana ba su ma san da shi ba sai a 1993, yana cikin dajin fadama na jihar Bayelsa, kuma yana sahun biran da suka fi shiga haɗari a duniya baki ɗaya.

Wanda ya fi burge ni na Jos ne. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai jan baya yana zaune a duwatsun Filato, a 1998 aka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa. Akwai wani tsuntsun kuma, baƙi mai sheƙi, da ba ya gina sheƙa sam, macensa sai ta lallaɓa ta sa ƙwanta a sheƙar mai jan bayan, shi zai ƙyanƙyashe ya ciyar, ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya raine shi. Ikon Allah kenan. Ka ga in aka fasa duwatsun aka ƙone ciyawar da mai jan baya ke rayuwa a ciki, ba tsuntsu ɗaya aka kora ba, biyu ne. Daga baya an ga mai jan bayan a duwatsun Mandara ta ɓangaren Kamaru, don dabba ba ruwanta da iyakar da Turawa suka shata. Haka gwaggon birin Kuros Riba, yana tsakanin Najeriya da Kamaru ne kawai, kuma ƙiyasin masana bai wuce 300 da suka rage ba.

Abin da ya sa kalmar take da nauyi shi ne wannan: ɗan kasuwar da ke da shago a Agege da wani a Kano, in gobara ta ci ɗaya yana da inda zai tashi, amma wanda ya tara duk jarinsa a shago ɗaya, dare ɗaya ya isa. In balbela ta ƙare a Legas wata za ta zo daga Kwatano. In jan birin Bayelsa ya ƙare, to ya ƙare wa duniya, ba inda za a je a aro. An taɓa yi ai, tsuntsun da ake kira dodo a tsibirin Murishus, kafin shekarar 1700 an neme shi an rasa.

To ina kalanda ta shigo? Ta hanya biyu. Ta farko kuɗi, a sayar, a cire na bugawa, ragowar ya tafi wajen masu gadin daji da rainon ƙananan itatuwa. Ta biyu, wadda ni a ganina ta fi, ita ce sanin abin da kake da shi. Yaro a Idi-Araba ya san jakin dawa na Kenya tun a littafin firamare amma bai taɓa jin akwai tsuntsun da duk duniya sai a ƙasarsa ba, kuma abin da ba ka san da shi ba ba za ka ji zafin rasa shi ba. Hoton da zai yi wata guda yana kallonka a shago ko a falo ba ƙaramin aiki yake ba. Kuma samun hoton nan wahala ce ta gaske, hotunan gwaggon birin Kuros Riba da 'ya'yansu da suka fito a 2020 daga duwatsun Mbe, kyamarar da aka ɗaure a jikin bishiya ce ta ɗauka, saboda dabbar ba ta yarda da mutum ko kaɗan.

Amma maganar dasa itatuwan nan ita ce nake so a riƙa tambaya a kai, don ba kowane dashe ne ke mayar da daji ba. In aka sare dajin da ke da ɗaruruwan nau'in itace aka jera turare ko malaina layi-layi, ido zai ga kore, birin da ke cin 'ya'yan wani itace na musamman kuwa yunwa zai sha. Dabbar endemik itacen wurinta take so, a wurinta, dashen da aka yi a gefen titin Ikeja yana da amfaninsa na inuwa amma ba zai ceci birin Bayelsa ba. Kuma dasawa rana ɗaya ce, banruwa da tsarewa daga awaki da gobara shi ne aikin shekaru, nan ne akasari ake sakaci.

Mu da ke Legas muna da hannu a ciki ko mun so ko ba mu so ba. Duk wanda ya bi gadar Third Mainland ya san gungumen katakon da aka yi shekaru ana jawowa ta ruwa zuwa wajen Ebute Metta, ga gawayin da muke gasa tsire da shi, duk daga wani dajin suka fito. Saboda haka in an miƙo maka irin wannan kalandar ka saya, amma ka juya bayanta ka duba, wace ƙungiya ce, wane daji ne da sunansa, wane itace za a dasa kuma wa zai kula da shi. Masu aikin gaskiya ba sa jin haushin tambayar nan. Wanda kuma yake so yaransa su ga daji da idonsu, cibiyar kare daji ta Lekki da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 tana nan, hekta 78, ga birai ga doguwar gadar sama ta cikin itatuwa. Biran can dai ba endemik ba ne, ana samun irinsu har Gana da Kamaru.