Zaɓen farko a NFL ba tabbacin nasara ba ne

Masu bin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka sun daɗe da ɗauka cewa duk matashin da aka fara zaɓa daga jami'a, a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL (babbar gasar wasan) ke yi kowace shekara, ya riga ya gama haye. Ba haka abin yake ba.

A 2007 ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell, ɗan wasa mai jefa ƙwallo, a matsayin na farko, saboda ƙarfin jifarsa da girman jikinsa. Shekara uku kacal ya yi aka sallame shi. Ryan Leaf, na biyu a 1998 bayan Peyton Manning, shi ma bai kai ko'ina ba. Tom Brady kuwa na 199 ne a 2000, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau bakwai.

Abin da ake mantawa shi ne, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ce ke fara zaɓe. Sai yaro ya faɗa hannun masu tsaron da ba za su iya kare shi ba, ga koci da ake yawan canzawa. Awon gudu da tsalle da ake yi wa 'yan wasa kafin zaɓe kuma ba ya nuna saurin karanta wasa, ko jimirin mutum idan 'yan kallo suka fara yi masa ihu. Wannan, a ganina, shi ne ya fi kayar da su.