Ma'aunin waƙa: ma'anar lambobin da ke saman waƙoƙin coci

Duk wanda ya buɗe littafin waƙoƙin sujada mai ɗauke da alamomin kiɗa zai ga abu biyu a saman kowace waƙa: wani suna da manyan haruffa, da jerin lambobi irin 8.6.8.6 ko 10.10.10. Sunan na karin murya ne, wato sautin da ake rera waƙar da shi. Lambobin kuwa su ne ma'auni. Kowace lamba tana nuna yawan gaɓoɓin da ke cikin ɗango ɗaya na baiti. Idan an rubuta 8.6.8.6, baitin yana da ɗango huɗu, na fari gaɓa takwas, na biyu shida, haka har ƙarshe. Wasu littattafan suna taƙaita shi da haruffa: CM shi ne 8.6.8.6, LM 8.8.8.8, SM kuma 6.6.8.6. In an ƙara D a baya, an ninka baitin ke nan.

Dalilin wannan tsari shi ne kalmomi daban suke, kari daban. Sau da yawa mai rubuta baitoci da mai tsara sauti ba su taɓa haɗuwa ba. Waƙoƙin tunawa da tsarkaka, waɗanda wasu ke kira waliyyai, sun fi kowanne nuna haka, domin ranakun tsarkaka suna da yawa a kalandar ikkilisiya, kuma ba zai yiwu jama'a su koyi sabon kari saboda waƙar da za a rera sau ɗaya a shekara ba. Sai a ɗora sabbin baitoci a kan karin da kowa ya sani.

Misali mafi shahara na rabuwar kalmomi da kari shi ne For All the Saints, wadda ake rerawa ranar 1 ga Nuwamba, Ranar Dukan Tsarkaka. William Walsham How ya rubuta ta a Ingila, aka buga a 1864. Kowane baiti ɗango uku ne mai gaɓa goma-goma, sannan Halleluya ta rufe shi. An daɗe ana rera ta da karin Sarum na Joseph Barnby. A 1904 Charles Stanford ya yi mata wani mai suna Engelberg. A 1906 Ralph Vaughan Williams ya kawo Sine Nomine, wanda a Latin ke nufin "marar suna", kuma shi ne ya zauna a bakin mutane. Waƙa ɗaya, kari uku, duk sun hau domin ma'auninsu ɗaya ne.

A kula, ganin sunan wani tsarkaka a kan kari ba ya nufin waƙar ta yabonsa ce. St Anne na William Croft, na 1708, ya samo sunansa daga cocin da Croft yake kaɗa ogan, wato babban kayan kiɗan coci, a Landan, kuma baitocin da aka fi rera shi da su daga Zabura 90 aka ɗauko su.

Shugaban mawaƙa da ke son sauya wa waƙa kari ya fara da ƙirga gaɓoɓin kowane baiti, ba na farko kaɗai ba, domin a fassara sau da yawa baiti na uku ko na huɗu yakan zarce da gaɓa ɗaya. Daga nan ya duba jerin ma'aunai da ke bayan littafin ya zaɓi karin da lambobinsa suka dace. Amma dacewar lamba ba ta isa ba. Akwai karin da bugunsa mai ƙarfi ke faɗawa kan gaɓar farko, akwai wanda sai ta biyu, ko da lambobinsu iri ɗaya ne. In aka haɗa su a karkace, za a ji jama'a suna tuntuɓe a farkon kowane ɗango.

A Hausa matsalar ta fi haka zurfi, kuma nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci. Turanci yana auna waƙa da ƙarfin furuci, Hausa kuwa da nauyin gaɓa: akwai mai nauyi, akwai marar nauyi. Idan dogon sauti ya faɗa kan gajeren wasali, kalma tana iya juyewa. Wanda ya ja "ga" na gari, wurin zaman mutane, ya mai da shi garin tuwo. Haka nan hawa da saukar murya, in kari ya hau inda kalma ke sauka, mai sauraro sai ya yi lalube kafin ya gane. Maganinsa a karanta baitin da baki a hankali, a sa alama kan gaɓoɓi masu nauyi, a tabbatar su ne suka hau dogayen sautuka. Inda ya ƙi, a sauya kalmar, kada a tilasta mata.

Shi Sine Nomine yana da nasa tarkon. Bugun farko na mai kiɗa ne shi kaɗai, mawaƙa suna shiga a bugu na biyu. Inda babu kayan kiɗa, dole shugaban mawaƙa ya ba da wannan bugun da hannu, in ba haka ba rabin jama'a za su riga sauran shiga.