Granada da Fadar Alhambra

Granada birni ne a kudancin ƙasar Sifaniya, cikin yankin Andalusiya, a gindin duwatsun Sierra Nevada. A littattafan Larabci sunanta Garnaɗa. Tana kan tudu mai tsayin kusan mita 700 daga saman teku, inda koguna biyu, Darro da Genil, suka haɗu, kuma mazaunanta sun kai kimanin 230,000. Ita ce babban birnin daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Abin da ya fi jawo baƙi zuwa garin shi ne Alhambra, fadar sarakunan Banu Nasr, wadda mutum fiye da miliyan 2 ke shiga kowace shekara. A bakin Sifaniyawa kalmar granada ita ce sunan ruman, shi ya sa ake ganin hoton ruman a tambarin birnin, da allunan sunayen tituna, har da ƙarafan da aka kafa a gefen hanya.

Tarihi

Musulmi sun ƙetaro daga Arewacin Afirka a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, amma Granada ba ta yi suna da wuri ba. Sai da khalifancin Ƙurɗuba ya wargaje sannan Zawi bin Ziri, wani shugaban Barbar na ƙabilar Sanhaja, ya kafa sarauta a nan wajen 1013. Daular da ta gina Alhambra kuwa ta zo ne daga baya, lokacin da Andalus ke zubewa gari bayan gari. Ƙurɗuba (Córdoba) ta faɗa hannun sarkin Kiristoci na Kastila a 1236, Ishbiliya (Seville) ta bi sahu a 1248. A tsakanin nan ne Muhammad bin al-Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, ya karɓi Granada, ya fara gini a kan tudun Sabika a 1238.

Al-Ahmar ya san ƙarfinsa bai kai na maƙwabtansa ba. A 1246 ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Fernando na Uku na Kastila, ya yarda zai riƙa biyan haraji a bar masa ƙasarsa. Da wannan dabara ta lallami, da kariyar duwatsu, da kuma neman agaji daga sarakunan Maroko in ta ɓaci, zuriyarsa ta riƙe sarauta shekara 250 da 'yan kai. Garin ya cika da Musulmin da aka koro daga wasu biranen, ya yi arziki da cinikin alharini. Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarce shi wajen 1350, Ibn Khaldun kuma ya zauna a fadar, har Sarki Muhammad na Biyar ya tura shi jakada zuwa Ishbiliya a 1364.

Rigimar cikin gida ce ta ƙarasa daular. Sarki Abul Hasan Ali, da ƙaninsa, da ɗansa Muhammad na Goma Sha Biyu, wanda Turawa ke kira Boabdil, sun yi ta kokawar gadon sarauta alhali rundunar Sarki Fernando na Aragon da matarsa Sarauniya Isabella ta Kastila na cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. Ranar 2 ga Janairu 1492 Boabdil ya miƙa mabuɗan birnin. Masu yi wa baƙi jagora ba sa gajiya da ba da labarin cewa da ya waiwayo daga wani tudu ya fashe da kuka, mahaifiyarsa ta gwasale shi kan yana kuka irin na mata a kan abin da ya kasa karewa irin na maza. Labarin yana da daɗin ji, sai dai masana tarihi suna ɗaukarsa ƙirƙira ce ta baya.

Alhambra

Sunan daga Larabci yake, al-Hamra, wato ja, saboda launin ƙasar da aka yi ganuwar da ita. Wanda ya hango ta daga nesa zai ga katanga ce kawai da hasumiyoyi masu kusurwa huɗu, babu ado ko kaɗan. Duk ƙawar a ciki take. Kuma ba fada ɗaya ba ce, ƙaramin gari ne mai ganuwa, da barikin soja da ake kira Alcazaba a bakin tudun, da gidajen sarauta, da masallaci, da gidajen wanka, da unguwar masu sana'a.

Kafin a aza komai sai da aka kawo ruwa. An tare kogin Darro kimanin kilomita 6 can sama, aka haƙa magudana tana bin gefen dutse har ta iso saman tudun. Babu inji, gangara ce kawai ke tura ruwan, kuma har yau ana jin kukansa a ƙananan lambatun da ke bin gefen hanyoyi. A lambun Generalife, gidan shaƙatawar sarakuna da ke tudun gaba, akwai wata matattakala da aka fafe saman katangunta biyu, ruwa na gudu a ciki daidai inda mai hawa zai dafa hannu.

Sarakuna biyu ne suka gina mafi yawan abin da ake zuwa gani. Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, shi ya gina Ƙofar Shari'a a 1348, da hasumiyar Comares mai tsayin kusan mita 45. A cikinta ne zauren karɓar jakadu yake. A gabansa akwai doguwar tsakar gida mai kwarmin ruwa a kwance lumui, hasumiyar na bayyana a cikinsa kamar a madubi. Rufin zauren an harhaɗa shi da guntayen katako fiye da 8,000, an jera su hawa-hawa don su misalta sammai bakwai, a ƙarƙashinsa kuma an zagaye bangon da Suratul Mulk. Sarki yakan zauna ne a wani lungu da taga a bayansa, ta yadda jakadan da ya shigo daga hasken rana ba zai ga fuskarsa sosai ba.

Ɗan Yusuf, Muhammad na Biyar, ya gina Farfajiyar Zakuna. Ginshiƙan marmara 124 ne siraran gaske suka kewaye ta, a tsakiya kuma akwai babbar tasa ta marmara a bisa zakuna 12, kowanne na fitar da ruwa ta baki. Daga nan magudanai huɗu suka nufi ɗakunan da ke gefe huɗu. Biyu daga ɗakunan suna da ƙubba wadda aka yi wa ado da dubban ƙananan ramuka masu kama da saƙar zuma, abin da magina ke kira muƙarnas. Mutum zai ɗaga kai ya rasa inda nauyin rufin ya sauka.

Abin mamaki shi ne arhar kayan aikin. In aka cire ginshiƙai da daɓe, kusan komai jar ƙasa ce, da tubali, da katako, da farar ƙasa da aka zuba a ma'auni ko aka sassaƙa. Daula ce mai biyan haraji, ba ta da dukiyar gina fada da dutse, sai ta zuba gwanintarta a fatar bango. A da adon yana da launi, ja da shuɗi da ruwan zinariya, yanzu ya koɗe sai ɗan ɓurɓushi a lunguna.

Bangon kuwa magana yake yi. Mai karanta Larabci yana da riba a nan wadda yawancin baƙi ba su da ita, domin abin da wasu ke ɗauka zane ne kawai, ayoyi ne da addu'o'i da waƙoƙi. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi ɗaruruwan sau. Baitocin waziri Ibn Zamrak suna kewaye da bakin tasar zakuna da bangon ɗakuna, wasunsu an tsara su kamar ginin ne da kansa yake yabon kansa.

Bayan 1492

Yarjejeniyar miƙa wuya ta 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin riƙe addininsu da masallatansu da alƙalansu. Alkawarin bai yi shekara goma ba. Yahudawa aka fara kora, da dokar da aka sa wa hannu a cikin Alhambra a Maris 1492. A 1499 babban limamin coci Cisneros ya fara tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka tara littattafan Larabci aka ƙone a dandalin Bib-Rambla. Waɗanda suka karɓi sabon addinin, da ake kira Moriscos, sun yi tawaye a duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su aka warwatsa su, sannan daga 1609 aka fitar da su daga Sifaniya gaba ɗaya.

Fadar ita ta tsira, saboda waɗanda suka ci garin sun so ta, suka mai da ita tasu. Jikan Fernando da Isabella, Sarki Carlos na Biyar, ya sa aka fara masa wani ƙaton gini na dutse a 1527 a jikin gidajen Banu Nasr, mai kusurwa huɗu a waje da zagayayyar tsakar gida a ciki. Ginin ba laifi, amma a inda aka ajiye shi kamar raƙumi ne a garken tumaki. Bai taɓa kwana a ciki ba, kuma sai a ƙarni na 20 aka yi masa rufi. Daga baya aka yi watsi da wurin, talakawa suka tare a ɗakunan sarakuna, sojojin Napoleon kuma suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi lokacin da za su fice a 1812. Marubucin Amurka Washington Irving ya zauna a ciki a 1829, kuma labaran da ya buga a 1832 sun taimaka wajen jawo hankalin matafiya. An ayyana wurin a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1870. Gyaran da ya fi inganci shi ne na Leopoldo Torres Balbás, daga 1923 zuwa 1936, wanda ya cire wasu ƙarin da masu gyaran baya suka ƙaƙaba don ginin ya ƙara kama da tatsuniya. UNESCO ta sa Alhambra da Generalife cikin jerin kayan gadon duniya a 1984, ta ƙara unguwar Albaicín a 1994.

Cikin gari

Albaicín tana kan tudun da ke fuskantar Alhambra, kwarin Darro a tsakaninsu. Lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, an shimfiɗe su da tsakuwa, gidajen farare, da yawansu da ɗan lambu a bayan katanga. Har yanzu akwai tsofaffin rijiyoyin tara ruwa na zamanin Musulmi, da gidan wanka na ƙarni na 11, da coci-coci waɗanda hasumiyarsu ta ladan ce a da. Da yamma jama'a kan taru a dandalin San Nicolás su kalli rana tana faɗuwa a kan jar ganuwa, dusar ƙanƙara a duwatsun bayanta. Dab da wurin akwai Babban Masallacin Granada, wanda aka buɗe a 2003. Mazauna unguwar dai sun daɗe suna kuka da yadda ake mai da gidaje masaukin baƙi, haya ta fi ƙarfin 'yan gari.

A ƙasa, babban cocin da aka fara a 1523 yana inda babban masallacin Juma'a yake a da. A jikinsa ne kabarin Fernando da Isabella yake, daura da shi kuma makarantar da Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, wadda mihrabinta ya rage. Akwai kuma masaukin fatake na ƙarni na 14, da kasuwar alharini da ta ƙone a 1843 aka sake ta. Can gefe, a Sacromonte, ana kaɗe-kaɗen flamenko a cikin gidajen kogo.

Alaƙa da Afirka ta Yamma

Wani mawaƙi ɗan Granada, Abu Ishaƙ as-Sahili, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya gina masa zauren fada mai ƙubba. Ya rasu a Tumbutu a 1346, kuma ana danganta masa masallacin Jingarber, ko da yake masana na da ja a kan haka. Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, shi ma a Granada aka haife shi, iyayensa suka yi hijira zuwa Fas. Littafinsa na bayanin Afirka, da aka buga a Venice a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Alaƙar da ta fi kusa kuwa tana cikin zaurukan malamai: Tuhfatul Hukkam, waƙen fiƙihun shari'a da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa, Ibn Asim ne ya tsara shi, alƙalin Granada da ya rasu a 1426.

Ziyara

Daga Madrid jirgin ƙasa mai sauri, wanda ya fara zuwa Granada a 2019, yana ɗaukar awa uku da 'yan mintoci. Daga Malaga kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu a mota. Sifaniya tana cikin yankin Schengen, don haka bizar yankin ce ake shiga da ita. Lokacin zafi ma'auni kan haura digiri 35, da hunturu kuma sanyi na cizo, shi ya sa watannin Afrilu da Mayu da Oktoba suka fi cika.

An ƙayyade yawan masu shiga gidajen sarautar, rukuni-rukuni duk rabin awa. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin shigarsa, ana kuma duba fasfo a ƙofa, wanda ya makara ya yi asara. A lokacin cunkoso tikiti kan ƙare makonni kafin ranar, saboda haka ta intanet ake saye tun kafin a kama hanya. Zagaya wurin duka kan ci awa uku zuwa huɗu a ƙafa, akwai kuma ziyarar dare. Gidajen abinci a Granada sun saba haɗa wa wanda ya sayi abin sha ɗan ƙwalam kyauta, amma sau da yawa da naman alade a ciki, don haka Musulmi yakan tambaya tukuna. Wuraren shayi da abincin halal sun fi yawa a layin Calderería Nueva, a gindin hawan Albaicín.