Addini da tarbiyyar yara a Arewacin Kamaru

Arewacin Kamaru ya ƙunshi jihohi uku: Adamawa mai hedkwata a Ngaundare, Arewa mai hedkwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedkwata a Marwa. Ƙabilu masu yawa ne ke zaune a yankin, kuma yadda ake renon yaro da addinin da yake tashi a ciki sukan bi wurin da aka binne cibiyarsa: birni, ko tsauni, ko bakin kogi. Hausawa ba su ne masu rinjaye a nan ba. Fillanci ne harshen kasuwa da na titi, Faransanci kuma na makarantar boko, don haka ɗan Bahaushe a Garwa yakan tashi da baki uku tun kafin ya kai shekarun kaciya.

Tarihi

Musulunci ya shigo ta hanyoyi biyu. Ta farko daga Borno ce, inda ya isa ga Kotoko na gaɓar tafkin Chadi, sannan masarautar Mandara ta karɓe shi a farkon ƙarni na 18. Ta biyu ita ce jihadin Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ya kafa Yola a 1841. Sakamakon wannan jihadi sarautun lamido suka kafu a Garwa, Marwa, Ngaundare, Tibati, Banyo da Rai Buba. Fatake da mahauta da malaman Hausawa suka biyo baya, suka kafa unguwanninsu a gefen fada, kowace da sarkin Hausawanta.

Waɗanda ba su miƙa wuya ba suka tsaya kan addinin kakanninsu, musamman mutanen tsaunukan Mandara irin su Mafa da Kapsiki da Mofu, da na kwarin Logon irin su Masa da Tupuri da Musgum. Jamusawa da suka kama Garwa a 1901, da Faransawan da suka gaje su, duk ta hannun lamido suka yi mulki, abin da ya ƙara wa Musulmi nauyi a harkar sarauta. 'Yan mishan na Lutheran daga Amurka da Norway sun iso a shekarun 1920, Katolika kuma suka kafu sosai daga 1946. Yawancin waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikin waɗannan ƙabilu suka fito, sau da yawa ta ƙofar makaranta da asibiti. A zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, da yawa sun musulunta, sun ɗauki Fillanci da sunan Musulmi. Shi ya sa ake samun gida guda wanda kaka ke yanka wa kakanni, uba na zuwa masallaci, ɗan'uwansa kuma na zuwa coci.

Reno a gidan Bahaushe

Gidajen Hausawa sun riƙe yawancin abin da aka sani a ƙasar Hausa. Ana kiran salla a kunnen jariri, a yanka rago ranar suna, wanzami ya yi aski. Mai jego na wankan ruwan zafi tana shan kunun kanwa har kwana arba'in, in haihuwar fari ce sau da yawa a gidan iyayenta. In lokacin yaye ya yi, akan kai yaro wajen kakarsa. Riƙo kuma ruwan dare ne: gwaggo ko kawu su ɗauki yaro su rene shi, ko da kuwa suna wani gari ne, ko a tsallaken iyaka a Mubi ko Yola.

Kunyar ɗan fari ta samu gindin zama a nan, domin maƙwabta Fulani sun ma fi Hausawa tsanantawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sai ta laƙaba masa wani suna. A tarbiyyar Fulani kunya da haƙuri da hankali su ne ma'aunin ɗa na gari, kuma yaran Hausawa da ke wasa da nasu sun sha wannan ruwa. Auratayya ta ƙara cakuɗa lamarin: akwai gidajen da sunan Hausawa kawai ya rage, amma yaran da Fillanci suke amsa kiran iyayensu.

Makarantar allo ita ce makarantar farko. Da asuba ko bayan magariba yara kan zauna a zaure, kowa da allonsa a cinya, malam na biya wa wannan yana sauraron wancan, mai kuskure ya wanke ya sake rubutawa. Iyaye da dama kan haɗa wa yaro allo da boko, wasu kuma su kai shi makarantar da ke koyar da Larabci da Faransanci tare. Shigowar wa'azin Izala daga Najeriya, da dawowar ɗaliban da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa, sun kawo saɓani da malaman Tijjaniyya kan laya da rubutun sha da bikin Mauludi. Saɓanin yakan kai har ɗakin mai jego, inda kaka ke ɗaura wa jariri laya uba kuma yana cirewa.

Tsauni da kwari

A tsaunukan Mafa, uban gida ne limamin gidansa. Yana ajiye tukwane masu wakiltar mahaifinsa da kakansa, yana zuba musu giyar dawa, babban ɗansa na kallo domin shi zai gada. Duk bayan 'yan shekaru ana bikin Marai, inda ake yanka bijimin da aka tsare a ɗaki ana kiwonsa. Yaro na koyon addini ne a cikin aiki, wajen gyaran gandun dutse da girbin dawa, babu allo babu littafi.

A kwarin Logon da ƙasar Gbaya kuwa, shiga daji ce ke mayar da yaro namiji. Ana keɓe samari na wani lokaci, a koya musu juriya da sirrin dangi da wani harshe na musamman. Gbaya na kiran nasu Labi. Coci da masallaci duk sun yi adawa da wannan al'ada, lokacin makaranta ma ya rage mata tsawo. Duk da haka ba kowane mai wa'azi ne ya yaƙi al'ada ba. Fada Simon Mpeke, wanda ake kira Baba Simon, ya zo Arewacin Kamaru a 1959, ya zauna a Tokombere, ya yi abota da masu tsafin tsauni, ya kuma shawo kan iyaye su sa yara makaranta.

Halin da ake ciki yanzu

Hare-haren Boko Haram a Arewa Mai Nisa tun daga 2014, a wurare irin su Kolofata da Fotokol, sun rufe makarantu da dama, sun kuma sa hukuma sa ido kan makarantun allo da almajirai masu yawo. Sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ya tara 'yan gudun hijirar Najeriya, Musulmi da Kirista, kuma akwai yaran da aka haifa a can har suka shiga makaranta ba su taɓa ganin garin iyayensu ba.