Fentin injin tsohuwar mota

Fentin injin tsohuwar mota shi ne launin da masana'anta ta fesa wa jikin injin ranar da aka haɗa shi. Masu farfaɗo da tsofaffin motoci sukan nemi ainihin wannan launi domin mota ta koma yadda ta fito, aikin da ya fi gano launin fentin jikin mota wuya: lambar launin jiki galibi tana rubuce a ɗan farantin ƙarfe da ke manne da motar, amma da wuya a ga an rubuta launin inji a ko'ina. A Damagaram maganar ta fi shafar tsofaffin Land Rover, Peugeot da Toyota da suka yi shekaru suna bin hanyar Kano da ta Agadez.

Tarihi

A farkon ƙarni na 20 ana shafa wa inji fenti ne don kare ƙarfen zubi daga tsatsa, kuma baƙi ko ruwan toka aka fi yi. Motocin Citroën takwas masu sarƙa a baya da suka ratsa Zinder, wato Damagaram, a ƙarshen 1924, kan hanyarsu daga Colomb-Béchar zuwa tafkin Cadi, na wancan zamani ne, lokacin garin yana babban birnin Nijar kafin a mayar da mazaunin gwamna Yamai a 1926. A wajen 1923 zuwa 1924 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da Duco, fenti mai saurin bushewa da ake fesawa, daga baya kuma, cikin shekarun 1930, fenti mai mai na alkid ya yaɗu. Shi wannan na biyun ya zauna wa injuna, don yana jure zafi da baƙin mai.

Daga nan launin inji ya zama alamar gida. Ford ya yi wa injin Model A kore, ya yi ta sauya launin injinsa mai silinda takwas daga shekara zuwa shekara, har ya tsaya kan shuɗi mai duhu daga wajen 1966. Chevrolet ya riƙe ruwan lemo tun tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976, sannan ya koma shuɗi, a farkon shekarun 1980 kuma baƙi. A Ingila ƙananan injunan Austin da Morris kore ne, na MGB ja mai duhu kamar hanta har zuwa farkon shekarun 1970 da aka mayar da shi baƙi. Waɗannan shekaru kimantawa ce, saboda masana'anta takan ƙarar da fentin da ke ajiye kafin ta buɗe sabo, shi ya sa injuna biyu na shekara ɗaya kan fito da launi daban.

Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, ita ce ta fi ba wa bakanike haske ta hanyar launi. Injinta mai lita 2.25 ya daɗe yana fitowa da shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore ko toka. A wajen 1980 aka ƙarfafa shi, aka mayar da mazaunan sandar cikinsa biyar maimakon uku, aka kuma fesa masa ja irin na gasasshen tubali. Wanda ya fesa wa tsohon injin wannan jan ya ɓata tarihin motar, kuma yana iya sa mai sayen kayan gyara ya ɗauko abin da ba zai shiga ba.

Motocin Faransa ba su damu da ado a nan ba. Peugeot 404 ta 1960 da 504 ta 1968, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975, jikin injinsu ƙarfen zubi ne, kansa kuma alminiyam da aka bari ba fenti. Haka aka bar tushen injin Citroën 2CV da na Volkswagen mai kunkuru ta Jamus ba fenti, sai dai kwanon da ke juya musu iska baƙi ne. A irin waɗannan motoci gyara na gaskiya shi ne a wanke a bar ƙarfen yadda yake. Injin fetur na tsohuwar Land Cruiser baƙi ne.

Yadda ake gano launi

Shaida mafi ƙarfi tana jikin injin. Ana cire sitata, ƙafar da injin ke zaune a kai, ko famfon mai, a duba wurin da rana da iska ba su taɓa ba. Can ƙarƙashin daskararren baƙin mai da ƙura fentin asali kan tsira shekara hamsin. Ana goge wurin a hankali da kananzir da tsumma, ba da tina ba, don tana narkar da tsohon fenti. Injin da aka buɗe sau da yawa yakan ɗauki fenti hawa-hawa, kowane bakanike da abin da ya samu a kasuwa, sai a kankare da samfefa mai laushi har a kai na ƙasa. Kafin a yarda da shi sai an duba lambar inji, domin a Nijar sauya wa mota inji abu ne na yau da kullum, kuma launin da aka tarar yana iya zama na wata motar dabam.

Ko fentin asalin ma ba ya nan yadda ya fito. Zafi yana duhunta shi, mai yana ƙara masa rawaya, shuɗi ya karkata zuwa kore. Don haka ake ɗaukar ɓarɓashi daga wurare biyu ko uku a gwada.

Ana kwatanta ɓarɓashin da kundin launuka. Jamus ta kafa tsarin RAL a 1927 da launi 40, Ingila tana da nata, BS 381C, wanda motocin soja suka yi amfani da shi sosai. A manyan birane akwai na'urar da ke karanta launi ta ba da ma'aunin haɗi, amma tana son fili mai santsi, ƙarfen zubi kuwa kaushi gare shi. Saboda haka haɗin ido na gwanin mai fenti yakan fi dacewa: ya fesa gwaji a guntun ƙarfe, ya bar shi ya bushe sarai, ya ajiye kusa da ɓarɓashin a inuwa da rana tsaka. Launi biyu kan yi daidai a ƙarƙashin fitila su rabu a hasken rana.

Irin fenti

Jikin inji yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100, fentin inji na gwangwani kuwa galibi an rubuta masa juriyar digiri 260. Bakin salansa inda hayaƙi ke fita ya fi haka zafi nesa, yana buƙatar fenti na daban mai jure digiri 600 ko fiye. Tsofaffin launukan ja, rawaya da ruwan lemo da yawa sinadarin dalma ke cikinsu, guba ce, an daina sa ta a ƙasashe da yawa, kuma na zamani ba ya ba da zurfin launi iri ɗaya. Mai kankare tsohon fenti ya jiƙa wurin ya rufe hanci.

Yanayin Damagaram yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana manne wa ɗanyen fenti, a Afrilu da Mayu kuma, da zafi ke wuce digiri 40, feshin kan bushe a iska kafin ya sauka. Sassafe cikin rufaffen ɗaki ya fi.

Saɓani

Wasu suna so a kwaikwayi aikin masana'anta har da feshin da ya fantsama kan kusoshi, wasu suna son aiki mai tsabta da ƙyalli. Akwai kuma masu ganin injin da fentinsa na asali ya rage a wanke shi kawai a bar shi.